Daga Birnin Kano Zuwa Filin Jirgi

Mutumin Gude in zai raka baƙonsa jirgin sama, ko zai tarbo Alhaji, hanyarsa ɗaya ce. Ya hau hanyar Gwarzo ya fuskanci gabas, ya wuce Rimin Gado da Janguza, har ya iso Kabuga. Daga nan ko dai ya ratsa birni ko ya kewaye ganuwa, sa'an nan ya yi arewa. Tsakanin fadar Sarki da filin jirgi bai fi mil biyar ko shida ba. Mu mutanen ƙauye mun saba raina wannan guntun, don a ganinmu wanda ya ga Dala da Gwauron Dutse ya riga ya iso. Amma guntun nan yana da tarihi, tarihinsa kuwa ya girmi jirgin sama da nisa.

Wanda ya fito birni ta Ƙofar Mata ko ta Ƙofar Wambai, Fagge zai fara tararwa. To, Fagge zango ce tun asali. A nan Buzaye su ke sauke raƙumansu in sun zo da gishiri daga Azbin, a nan kuma ayari ya ke haɗuwa kafin ya ɗau hanyar arewa, ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamus har Tarabulus, bakin Bahar Rum. Tafiyar watanni ce. Larabawan da su ke wannan fatauci suna da unguwarsu a cikin birni, ita ce Dandalin Turawa, gama a da su a ke kira Turawa, tun Nasara ba su zo sun gaje sunan ba. Ke nan baƙon da zai koma gida daga Kano ya daɗe yana fita ta wannan gefe. Abin hawa ne kaɗai ya sāke.

Akwai kuma hanyar gabas, ta masu niyyar Makka. Wannan ta fi ta arewa wuya. Mutum ya kan yi sallama da danginsa kamar ba za a sake ganawa ba. Ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, in ya sami abin hannu ya ci gaba, har ya kai Sawakin ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Waɗansu su kan shekara biyar, waɗansu goma. Da yawa kuwa ba su komo ba har abada, jikokinsu na can Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno, wadda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A riƙe hanyoyin nan biyu a zuci, don za mu sake gamuwa da su a sama.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sa'an nan aka kafa Sabon Gari a gabas da Fagge don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Bayan shekara goma sha huɗu sai ga wani abu wanda ba a taɓa gani ba. Ran 27 ga watan Oktoba 1925 jirage uku na mayaƙan sama na Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, wani hafsa mai suna Arthur Coningham shi ne madugunsu. Suka biyo Kogin Nilu zuwa Hartum, sa'an nan suka yi yamma ta Fashir da Abeshe da Fort Lamy, wadda a ke kira Injamena yanzu, suka iso Kano a farkon watan Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Babu filin jirgi a lokacin, sai suka sauka a filin da Turawa su ke wasan folo da dawaki. Dubi dai hanyar da suka biyo. Ita ce hanyar alhazai, sai dai sun biyo ta a juye, kuma abin da mai ƙafa ya ke shekaru yana yi suka yi shi cikin ƙasa da mako guda. Shi madugun nan ya zama babban hafsa daga baya. Cikin 1948 jirgin fasinjan da ya ke ciki ya ɓace a tekun Atlantika, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

Sai cikin 1936 aka fara jigila ta sosai. Kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, yana ɗauko wasiƙu da 'yan fasinja kaɗan, a Hartum kuwa a ke haɗuwa da babban jirgin da ke tafiya tsakanin Ingila da Afirka ta Kudu. Kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Ikko. Da Yaƙin Hitila ya yi zafi, daga 1940, sai aikin filin ya ƙaru ƙwarai. Bahar Rum ya zama wurin haɗari, saboda haka Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da a ke kira Gana yanzu. A can a ke harhaɗa su, su taso garke-garke ta Ikko da Kano da Maiduguri, su bi ta Sudan har Masar. Jirage dubbai suka bi ta nan.

Me ya sa Kano? Dalilin da ya sa raƙumi ya ke tsayawa a Fagge, shi ya sa jirgi ya ke tsayawa a bayanta. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba su iya tafiya mai nisa sai sun sha mai. Wanda ya taso daga Turai ya ƙetaro Sahara, Kano ce babban gari na fari da zai tarar, mai ruwa da abinci da masauki. Don haka bayan yaƙi jiragen BOAC na Ingila, da KLM na Holan, da Sabena na Beljiyam masu zuwa Kwango, duk suka mai da Kano zangonsu. Jirgin London ya kan bi ta Tarabulus ya sauka Kano, watau tsohuwar hanyar Gadamusawa ke nan. Cikin 1957 aka buɗe sabon ginin saukar fasinja. Abin da baƙi suka fi tunawa da filin a shekarun nan shi ne wani mutum bisa raƙumi, riƙe da kakaki, wanda ya kan busa in jirgi ya taho. Turawa sun ɗauki hotonsa ba iyaka. Ni dai ina ganin raƙumin ya fi kowa cancantar tsayawa a wurin, tun da aikin kakanninsa aka karɓe.

A zamanin En'e, talaka bai cika bin wannan hanya don ya hau jirgi ba, sai dai kallo ko rakiya. Masu hawa su ne Turawan mulki da za su hutu Ingila, da Kwarori masu kantuna, da sarakuna da manyan ma'aikata. Cikin watan Fabrairu 1956 Sarauniya Elizabeth ta kawo ziyara Kano zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Nan ne ƙarshen rangadinta na Nijeriya, daga nan kuma ta hau jirgi ta koma gida. Abin da ya shigar da talaka cikin jirgi aikin Hajji ne. Attajiran Kano irin su Alhaji Haruna Kassim suka shiga aikin jigilar maniyyata, da fari a mota, daga baya a jirgin sama. Sannu a hankali sai hanyar ƙasa ta mutu. Manomi ya sayar da gyaɗarsa, ya kwana 'yan kwanaki a sansanin alhazai kusa da filin, ya je ya sauke farali ya komo cikin 'yan makonni, ya tarar da 'ya'yansa ba su manta fuskarsa ba. Wanda kakansa ya ɓace a hanyar Wadai shi ya san girman wannan abu.

Amma ba duk wanda ya bi hanyar nan ya kai gida ba, kuma tarihi ba ya kyau in an ɓoye ɗacinsa. Ran 24 ga watan Yuni 1956, wata huɗu bayan tafiyar Sarauniya, wani jirgin BOAC da ya taso daga Ikko za shi London ya tashi daga Kano cikin hadari. Iska ta danne shi, ya bugi itace ya faɗi. Cikin mutum 45 da ke ciki, 32 suka mutu.

Na biyu ya fi wannan muni, gama ba iska ta jawo shi ba, mutane ne. Ran 1 ga watan Oktoba 1966, ana tsakiyar rikicin da ya biyo bayan juyin mulki biyu na wannan shekara, sojan bataliya ta biyar da ke Kano suka yi tawaye. Suka shiga filin jirgi suka buɗe wuta a kan Inyamurai, ma'aikatan wurin da waɗanda suka taru suna neman hanyar komawa Gabas, sa'an nan kisan ya bazu zuwa tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Waɗansunsu a Sabon Garin nan aka haife su. Sun bi 'yar gajeriyar hanyar nan da ƙunshin kayansu suna zaton sun tsira. Garin da ya yi suna da karɓar baƙi tun zamanin ayari, ran nan bai iya kare baƙinsa ba. Bayan wata tara aka shiga yaƙin basasa.

Na uku kuwa ya faɗa wa alhazai. Ran 22 ga watan Janairu 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 ya ɗauko alhazai daga Jidda za shi Ikko. Yanayi ya ɓaci a can, aka juyo da shi Kano, ga hazon hunturu da iska. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Kafin wancan lokaci ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rai kamarsa ba a duniya. Mutanen da suka gama ɗawafin bankwana, tsarabarsu na cikin jirgi, danginsu na jira. Allah ya jiƙansu. Ran 4 ga watan Mayu 2002 kuma wani jirgi da ya tashi daga filin ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka mutu, waɗansu suna zaune cikin ɗakunansu. Wannan ya nuna yadda gari ya bi filin har ya cim masa, alhali sa'ad da aka kafa shi gonaki ne kewaye da shi.

Zangon da a ke tsayawa don tilas, in tilas ta kau sai a wuce shi. Daga shekarun 1960 jirage masu injin jet suka fara ƙetare Sahara ba tsayawa, daga Turai har Ikko. Da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja cikin 1991, sai ita ma ta janye nata rabon. Kamfanin Nigeria Airways ya durƙushe cikin 2003, KLM kuwa, wanda ya fi shekara sittin yana zuwa Kano, ya daina cikin 2012. Abin da ya riƙe filin shi ne abin da ya riƙe Kano tun fil azal, watau masu ibada da 'yan kasuwa: alhazai da masu Umra, da fataken da suka bar Tarabulus suka koma Dubai da Sin. An sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu cikin 1983. Gidansa na Gwammaja, ba nisa da inda jirgin nan ya faɗi.

Ita kanta hanyar ta ga abin hawa iri iri. Ta ga jaki da raƙumi, ta ga keke da tasi, ta ga acaɓa har zuwa 2013 da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur, ta ga A Daidaita Sahu, mai ƙafa uku, wadda ta shigo cikin 2005. Jirgin Kano zuwa Abuja ba ya cika sa'a guda a sama. Amma wanda ya taso daga Kasuwar Kurmi da la'asar, ya faɗa cunkoson Kantin Kwari da na Sabon Gari, yana iya cin fiye da haka bai ga ƙofar filin ba. Don haka mutanenmu na Gude in suna da baƙo mai jirgin hantsi, ba su jiran gari ya waye. Da an sallame Asuba sai a ɗora kaya, a wuce Kabuga tun 'yan kasuwa ba su buɗe rumfuna ba. Masu rakiya su tsaya inda ma'aikata suka ce a tsaya, a yi musafaha, a ce a gai da mutanen gida. Su kan daɗe a tsaye wajen shinge, sai sun ji ƙarar tashinsa sa'an nan su nemi motar Gwarzo.