Sauyin Zangon Baƙi Masu Yawon Buɗe Ido a Jamhuriyar Nijar

Tun kafin a san kalmar yawon buɗe ido, Turawa sun bi hanyoyin fatake sun shigo ƙasashen nan. Alal misali, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya ratsa Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, sannan ya isa Damagaram a ƙarshen 1852. Abin lura shi ne, zaman lafiyar hanya shi yake zaɓa masa zango. Wannan ƙa'ida ita ce ta ci gaba da juya baƙin Nijar a zamanin mota da jirgin sama.

A shekarun 1970 da 1980, Arewa ce ke da kasuwa. Baƙi sukan keto Sahara daga Tamanrasset ta Aljeriya, su biyo ta Arlit zuwa Agadas, domin ganin hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, da duwatsun Azbin, da rairayin Tenere. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka kammala karonsa na farko a 1979, ya ƙara wa yankin suna. Masu nufin Kano kuwa sukan yada zango a Damagaram, su ziyarci Birni da fadar Sarki, su sayi kayan dukawa.

Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, tare da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992, su suka toshe wannan hanya. Damagaram ma ta ji jiki, domin baƙinta 'yan wucewa ne. Agadas ta farfaɗo bayan sulhun 1995, saboda jirage sun riƙa kawo baƙi kai tsaye daga Faransa. Amma tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sun sake watsa kasuwar. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, yabon ya zo ne bayan baƙin sun janye.

Daga nan sai ragowar baƙi suka karkata Yamma, kusa da Yamai, wato gandun daji na W da garin Kure, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage. Wannan zango ma bai ɗore ba. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, shida Faransawa, biyu 'yan Nijar.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Hasumiyar Agadas tana nan inda take, fadar Damagaram ba ta gusa ba. Hanya ce ta lalace. Wanda asarar ta faɗa wa shi ne maƙerin azurfa, da baduku, da ɗan jagora, da mai masauki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Ɗanzomo da Gumel masu cin kasuwar Maigatari ran Alhamis. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun ga yadda ciniki yake bin hanyar da ta buɗe, ya bar wadda aka saba.