MAHAL: Yadda inuwar Jamusawa ta shiga fim ɗin Indiya

Mai karatu, in dai kai ma'abocin finafinan Indiya ne, to ka san irin fim ɗin nan da za a nuna maka wani tangamemen gida da ba kowa a ciki, ga ruwan sama ana tafkawa, can sai ka ji muryar mace tana rera waƙa cikin dare, sai kuma ka hango ta da fararen kaya ta gifta. Ko a gidan kallo na Taura ka gani, ko a Dutse, ko a wayarka cikin fassarar Indiya-Hausa, duk irin waɗannan finafinai kakansu ɗaya ne, wato Mahal, wanda ya fito a 1949. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya riƙe kyamara a wannan fim Bajamushe ne, sunansa Josef Wirsching. To, me ya kai Bajamushe Bombay, kuma da me ya zo?

Sai mun ɗan koma baya tukuna. Jamus ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 a karye, bayan ta rasa sojoji wajen miliyan biyu. Waɗanda suka dawo da rai, da yawansu sun dawo da taɓin hankali saboda abin da idonsu ya gani. Ga talauci, ga faɗuwar darajar kuɗi, har ta kai a watan Nuwamba 1923 dalar Amurka ɗaya tana daidai da mak sama da tiriliyan huɗu. A wannan hali ne masu shirya fim na ƙasar suka rungumi wani salo da masu zane da 'yan wasan daɓe suka riga su farawa, wanda ake kira Ekspireshanizim. Ma'anarsa a taƙaice, kada ka nuna duniya yadda ido ke ganin ta, ka nuna ta yadda zuciyar mai firgita ke jin ta. In hankalin mutum ya karkace, to bangon ɗakinsa ma ya karkace.

Fim ɗin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne Das Cabinet des Dr. Caligari na darakta Robert Wiene, wanda aka fara nunawa a Berlin a watan Fabrairu 1920. Labarin wani hatsabibi ne mai yawo da wani saurayi, Cesare, wanda ke tafiya cikin barci, yana tura shi kisan kai da dare. Gidajen fim ɗin duk a karkace suke, tagogi kamar bakin wuƙa, inuwa kuwa da fenti aka zana ta a bango da ƙasa. Sai a ƙarshe mai kallo zai gane cewa shi mai ba da labarin majinyaci ne a asibitin mahaukata. Bayansa sai Nosferatu na F. W. Murnau a 1922, inda inuwar dodo kaɗai ke hawa bene, farata zaƙo-zaƙo, amma ta fi dodon kansa ban tsoro. A 1931 Fritz Lang ya yi M, labarin mai kashe yara, wanda inuwarsa ake fara gani kafin fuskarsa.

Cibiyar wannan salo Berlin ce, musamman kamfanin UFA da aka kafa a 1917. Amma dabarar wasa da haske da duhu ta bazu ko'ina a ƙasar, har birnin Munich, inda kamfanin Emelka yake. A can Wirsching, wanda aka haifa a 1903, ya koyi aikin kyamara. Abin sha'awa, a shekarar 1925 wani matashi ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya yi fim ɗinsa na farko da ya kammala, The Pleasure Garden, a wannan kamfani. Shi ne daga baya ya girgiza duniya da Psycho a 1960. A wannan shekara ta 1925 dai, wani lauya ɗan Indiya, Himanshu Rai, ya haɗa gwiwa da Emelka aka yi Prem Sanyas, labarin Buddha. Franz Osten ne darakta, Wirsching kuma yana cikin masu ɗaukar hoto. Ka ga ke nan rijiya ɗaya ce, guga biyu: ɗaya ya nufi Landan da Hollywood, ɗaya ya nufi Indiya.

Da Rai da matarsa, jaruma Devika Rani, suka kafa kamfanin Bombay Talkies a 1934, sai suka gayyato abokansu Jamusawa. Osten da Wirsching suka yi finafinai da dama tare, ciki har da Achhut Kanya na 1936, wanda ya ɗaga Ashok Kumar. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Da yake Indiya tana hannun Turawan Ingila, sai aka kame Jamusawan da ke ƙasar. An mayar da Osten gida a 1940, shekarar da Rai ya rasu. Shi kuwa Wirsching, a tsare ya zauna har 1947. Yana fitowa ya koma kamfanin, wanda a lokacin bashi ya yi wa katutu. A nan ya haɗu da marubuci Kamal Amrohi, wanda bai taɓa ba da umarni a fim ba sai a Mahal.

Ga labarin. Hari Shankar, wato Ashok Kumar, ya zo kwana a wani tsohon gida da ke Allahabad. Mai kula da lambun gidan ya ba shi labarin wanda ya gina shi shekara 40 da suka wuce saboda masoyiyarsa Kamini. Kullum cikin dare yake zuwa mata, har ranar da kwalekwalensa ya kife ya mutu, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Ana haka sai wani hoto ya faɗo daga bango. Da Shankar ya duba, sai ya ga fuskarsa sak! Agogo na buga ƙarfe biyu, sai muryar mace ta tashi. Daga nan fa ya zauce. Abokinsa ya yi iya yinsa, an yi masa aure da Ranjana, ya bar gari, amma muryar nan ba ta bar kunnensa ba. Ranjana ta gaji, ta sha guba, ta ɗora masa laifin. A gaban kotu ne asiri ya tonu: ashe ba fatalwa ba ce, Asha ce, 'yar mai lambun, wadda ta tashi a gidan da ba nata ba tana mafarkin zama uwargidansa.

Lura da kyau, mai karatu. Kamar a Caligari, abin tsoron yana cikin kan mutum ne. Shi ya sa Wirsching bai haska gidan duka ba. Haske ɗaya zai jefo daga gefe, rabin fuskar Shankar a fili, rabi a duhu, kai da gani ka san mutumin nan zuciyarsa ta rabu biyu. Inuwar ƙarafan taga za ta kwanta a jikinsa kamar ɗan kurkuku tun kafin alƙali ya yanke hukunci. Madhubala, wadda shekararta 16 a lokacin, da kyandir a hannu ake nuno ta, ko a kan lilo, kafin ka ƙare mata kallo ta ɓace, lilon na ci gaba da kaɗawa shi kaɗai.

Sai dai Amrohi bai yi wa Jamusawa wankin ido ba. Ya ɗauki inuwarsu ya zuba mata abin da mutanensa suka sani: imanin Hindu na dawowar rai a wani jiki, bambancin mai gida da bara, da kuma waƙa. Khemchand Prakash ne ya tsara kiɗan, kuma waƙar daren nan ita ta fito da Lata Mangeshkar duniya, duk da cewa a faifan farko sunan Kamini aka rubuta maimakon nata. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, ya kuma haifi 'ya'ya: Madhumati a 1958, Bees Saal Baad a 1962, Woh Kaun Thi? a 1964. Wirsching ya zauna a Indiya har ya rasu a 1967, yana tsakiyar aikin Pakeezah na Amrohi, wanda bai fito ba sai 1972.

To, ina ruwanmu da wannan tarihi? Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka shiga zamanin bidiyo, babu zargin da ya fi bin 'yan fim ɗinmu kamar na kwaikwayon Indiya. Gaskiya ne mun ɗauko rawa da waƙa da soyayyar mutum uku. Amma sau nawa ka ga daraktanmu ya ɗauko hasken? Sau da yawa za a nuna boka ko mayya ko matar da kishi ya haukata, amma falon fes kamar shagon sayar da atamfa, sai a bar wa mai kiɗan fiyano ya tsorata mu da ƙara.

Alhali kuwa kayan aikin suna ƙofar gidanmu. Zauren ƙasa a Taura ko Ringim, da aci-balbal a alkuki, inuwar mutum ta cika bango har rufi. Lungun da ke tsakanin katanga biyu da daddare. Duwatsun Dutse da itatuwan dabinonta a farin wata. Kakarka da ke ba ka tatsuniyar Dodo a tsakar gida ta san wannan sirri, shi ya sa ba ta yin tatsuniya da rana. Inuwa ba ta cin kuɗi, tunani take ci, kuma Jamusawan da suka fara abin nan a cikin fatara suka fara shi.

Kai marubuci ma da kai ake. In za ka rubuta labarin aljanu, gwada ka bar mu cikin kokwanto: aljanin ne, ko kuwa zuciyar jarumin ce ke yi masa gizo? Aro ba laifi ba ne, in ka san abin da ka aro, ka kuma ɗinka shi daidai jikinka. Nemi Mahal ka kalla da dare, ka kashe fitilar ɗaki, sannan ka ƙirga sau nawa aka tsorata ka ba tare da an nuna maka komai ba.