Maraɗi

Maraɗi birni ne a kudancin Jamhuriyar Nijar, babban birnin jihar da ake kira da sunansa, a bakin Gulbin Maraɗi. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a nan, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai garin. Ɗan Baskore ne ya fi shahara cikin magadansa, saboda yaƙe-yaƙensa da daular Usmaniyya.

Tsohon garin yana cikin fadama ne. Ambaliyar 1945 ta rusa shi, Turawan Faransa suka sake shata shi a kan tudu da miƙaƙƙun tituna.

Amma kasuwa ce ta yi Maraɗi. Gyaɗa ta fara ɗaga shi, kamfanonin Turawa na saye, 'yan gari na dillanci, har aka samu attajiran da ake kira Alhazai. Da fari ya karya gyaɗa a shekarun 1970, ba su zauna ba, suka koma fatauci da Katsina da Kano ta iyakar Ɗan Isa da Jibiya. Wannan juriya ta cancanci yabo. Gero da wake da dabbobi suna gangarowa daga kasuwannin arewa, irin su Dakoro da Sabon Maci, cikin dabbobin har da jar akuyar Maraɗi, wadda dukawa ke neman fatarta.