Tarihin Ɗaukaka Ƙara a Jihar Filato: Daga Kotun Yanki Zuwa Kotun Ƙoli

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin hanyar da ƙara kan bi daga kotun yanki, kamar wadda ke Kabong cikin garin Jos, har zuwa Kotun Ƙoli. Ƙararrakin da ake nufi su ne waɗanda ba na laifi ba, wato na gona da gado da aure da bashi. Manufa ita ce a nuna cewa sunan da aka ba rigima, da kalmomin da aka rubuta ta da su, su ke zaɓa mata hanya.

2.0 Mafari

Haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Don haka kotunan En'e na wannan yanki suka zauna kan dokoki biyu, shari'ar Musulunci da al'adun gargajiya. A shekarar 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka kafa Babbar Kotu aka buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa gare ta. A 1956 Jihar Arewa ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta gada a 1960. Dokar soja ta 1967 kuwa ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha.

3.0 Hanyoyi Uku

Tsarin Mulkin 1979 ya yarje wa kowace jiha mai bukata ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ta Al'ada, na 1999 ma ya tabbatar da haka. Filato ta kafa duka biyun. Saboda haka hukuncin kotun yanki yana da ƙofofi uku: aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi su nufi kotun Shari'a, abin da ya shafi al'ada ya nufi kotun Al'ada, saura ya nufi Babbar Kotun Jiha. Dukkansu suna haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, mai reshe a Jos.

Kuskuren ƙofa ba ƙaramar hasara ba ce. A shari'ar Golok da Diyalpwan, wadda ta taso daga Filato, Kotun Ƙoli ta yanke a 1990 cewa ba a ɗaukaka ƙara daga kotun Al'ada sai a kan mas'alar dokar al'ada. Kukan cewa hukunci ya saɓa wa nauyin shaida bai shiga wannan babi ba. Ke nan mutum na iya rasa gonar kakanninsa don yadda aka tsara dalilin ƙararsa.

4.0 Matsayin Harshe

Kotun sama ba ta cika sake jin shaidu ba; kundin da ƙaramar kotu ta rubuta shi take dubawa. Shaidar da aka bayar da Biromanci takan bi ta bakin tafinta zuwa Hausa, sa'an nan a mayar da ita Ingilishi, harshen manyan kotuna. A rigimar gona, aro da jingina da kyauta da saye abubuwa ne mabambanta, kowanne da hukuncinsa: gonar aro ko ta jingina tana komawa ga mai ita, ta saye ba ta komawa. In mai fassara ya gwama biyu daga ciki, alƙalin sama ba ya da hanyar ganewa.

5.0 Kammalawa

Manyan kotuna sun daɗe da yarda cewa a shari'ar kotun yanki ana duba ainihin abin da aka yi jayayya a kansa, ba tsarin rubutu ba. Sai dai ainihin nan a cikin kalmomin kundi yake. Ya kamata masana harshe su nazarci waɗannan kundaye, su daidaita kalmomin mallakar ƙasa tsakanin Hausa da harsunan Filato da Ingilishi, domin amfanin tafintoci da alƙalai.