Tarihin Tarbiyyar 'Ya'ya a Gidajen Kirista na Arewa

 Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, sai na tuna wata tambaya da wani abokina Musulmi, wanda gadonsa ke kusa da nawa a ɗakin kwana, ya yi mini muna aji biyu. Ya ga ina karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da mahaifiyata ta sa mini a akwati, sai ya ce, "Mu dai tun muna ƙanana ake kai mu makarantar allo. Ku wa yake koya muku?" Na ce masa a gida ne. Ban yi ƙarya ba, amma sai da na girma na gane cewa ba a gida abin ya faro ba, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin ya shigo hannun iyaye.

Dalili kuwa a fili yake: Kiristocin farko na Arewa ba su da iyaye Kirista. 'Yan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, biyu daga cikin ukun farko suka rasu ba da jimawa ba. A 1900 ayarin CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya kai har Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Walter Miller, shi ne ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905. SUM ta sauka Wase a 1904, mutanen Danmak suka isa Numan a 1913, CBM kuma ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A duk wuraren nan, waɗanda suka fara matsowa kusa galibi yara ne da samari: masu dafa wa Bature abinci, da 'yan dako, da marayu, da 'ya'yan da aka karɓo daga hannun masu fataucin bayi. Har gida na musamman SUM ta buɗe wa irin waɗannan yara a Rumasha a 1909. Miller ma a gidansa ya tara yara, yana ciyar da su yana koya musu karatu.

Saboda haka a zamanin farko ruwa daga ƙasa yake gudu zuwa tudu. Yaro ne yake koyo Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma a wurin mishan, ya komo gida ya karanta wa ubansa. Wani lokaci a yi dariya a bar shi. Wani lokaci kuwa abin ya zama rigima, musamman idan yaron ya ƙi cin naman da aka yanka a wurin tsafi, ko ya ƙi shiga daji tare da tsaransa lokacin bikin balaga. Akwai waɗanda aka kora daga gida. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba: dattawa da yawa sun ɗauki aikin mishan a matsayin raba ɗa da mahaifi, kuma idan mutum ya sa kansa a matsayinsu, ba zai ce ƙorafin nasu ba shi da tushe ba.

Inda labari ya ɗan sha bamban shi ne wajen Isawa. Waɗannan almajiran wani malami ne mai suna Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda irin matsayin da yake ba Annabi Isa a karatunsa. Ba Kirista ba ne su a asali. Bayan sun warwatsu, wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Miller a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi, sannan ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka rage suka tashi. Da mishan ya bar cikin birni ya koma Wusasa a 1929, can aka haɗu. Abin lura shi ne su waɗannan da iyalinsu suka zo, uba da uwa da 'ya'ya, kuma sun riga sun saba da cewa aikin mahaifi ne ya ga ɗansa ya yi karatun addini. Ba mamaki ƙaramin gari kamar Wusasa ya fitar da Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azi daga ƙasar Ngas wanda ya tashi a can.

A ganina, shekarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tarihi ita ce 1932, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Tun 1880 Schön ya fitar da Sabon Alkawari, amma bai shiga hannun jama'a sosai ba. Fassarar 1932, wadda Miller ya fi kowa aiki a kanta, ita ce ta shiga gidaje, kuma ba gidajen Hausawa kaɗai ba. Berom da Ngas da Bajju da Tangale da sauran kabilu masu yawa sun ɗauki Hausa a matsayin harshen sujada. Bugu da ƙari, a wurare da dama ba a yi wa babba baftisma sai ya iya karatu. Wannan doka ta wahalar da tsofaffi, amma ita ce ta sa manomi da bai taɓa shiga aji ba ya zama mai iya buɗe littafi a gaban 'ya'yansa.

Daga nan aka samu abin da muke kira sujadar iyali. Wanda ya tashi a irin gidan nan ya san tsarinta ba sai an faɗa masa ba. Bayan an ci tuwon dare a shimfiɗa tabarma, a matso da fitilar ƙwai, a ɗauki waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. Sai a buɗe sura, kowa ya karanta aya ɗaya ɗaya har a zagayo, wanda ya yi tuntuɓe a gyara masa. Maigida ya yi ɗan bayani, a tambayi yara ayar haddacewa ta jiya, a rufe da addu'a, sau da yawa ƙaramin cikinmu ya riga ya yi barci a cinyar uwa. Iyaye sukan kafa hujja da Kubawar Shari'a sura 6, inda aka ɗora wa mahaifi nauyin koya wa 'ya'yansa a zaune da a tafe, da kuma labarin Timoti wanda ya gaji bangaskiya daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Misalin Timoti ya fi dacewa da mu, domin in za a bi gaskiya mata ne suka riƙe aikin. Makarantun horar da masu bishara, irin ta Gindiri da aka buɗe a 1934, ba mazan kaɗai suke koyarwa ba, har matansu ana yi musu aji. Waɗannan mata ne suka koma ƙauyuka suka zama ginshiƙin Zumuntar Mata. A can ake koyon karatu da renon yara da tsabta, a can kuma ake ƙaga waƙoƙi da karin gargajiya, ana buga tulu ana kaɗa caki. Waƙoƙin nan ba a majami'a suke tsayawa ba. Uwa tana daka tana rerawa, yaro yana goye a baya, kafin ya iya magana sosai ya san labarin Yusufu da na Dauda. Kakata ta wajen uba a ajin baftisma ta koyi karatu da girmanta, kuma har ta rasu ba ta iya rubuta komai ba sai sunanta, amma ba wanda ya isa ya tsallake aya a gabanta.

Sunaye ma wata hanya ce ta koyarwa, kuma tarihin yana nan rubuce a rajistar kowane aji da muka zauna. Kakanni sun karɓi sunayen Littafi a bakin Hausa: Bulus, Bitrus, Yohanna, Ishaya, Rifkatu, Saratu, Rahila. Wasu kuma, kamar Musa da Yakubu da Hannatu, namu ne mu da 'yan'uwanmu Musulmi, shi ya sa sabon malami ba ya iya raba mu daga kiran suna. Daga baya iyaye suka fara ƙirƙiro nasu: Godiya, Alheri, Murna, Salama, Bege. Duk wanda aka sa wa irin wannan suna, akwai labari a bayansa, ko na haihuwa bayan dogon jira, ko na tsira daga ciwo, kuma sai an ba shi labarin ya fi sau ɗari. Ta haka yaro yake sanin ko shi wane ne, da kuma wanda iyayensa suke ganin ya ba su shi.

An gwada ƙarfin wannan tarbiyya ta gida a farkon shekarun 1970, da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan. St. Paul's ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. A 1976 aka fara ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantun da ba ruwan ikilisiya da su. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar Addis Ababa da ke watsa shirye-shiryen Muryar Bishara tun shekarun 1960. Mahaifina yana sakandare lokacin karɓe makarantu, ya ce dattawa da yawa sun ɗauka shi ke nan. Ba haka ta faru ba. Ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a 1957, ta riƙe waɗanda ke makarantun kwana, makarantar Lahadi da Birged suka taimaka, amma babban abin shi ne zuwa wannan lokaci akwai iyaye, har da kakanni, da suka iya aikin da kansu. Ko da sabuwar fassara ta fito a 1979 ta sa Almasihu a inda tsohuwa ke cewa Kristi, a kan tabarma aka yi muhawarar. Kakata dai ta ƙi sabuwar ƙememe.

To, yanzu ga mu, mu ne iyayen. Ba zan yi maganar kowa ba sai kaina. Ina fita ofis ƙarfe bakwai, matata ma haka, mu dawo a gajiye kowa da wayarsa a hannu. 'Ya'yanmu suna makarantar kuɗi, da Turanci suke addu'a, kuma abin da suka sani na addini galibi daga malamar makarantar Lahadi ne, awa ɗaya a mako. Ban ce Turanci laifi ne ba. Abin da ya dame ni shi ne na wayi gari na mayar da aikin hannun baƙo, wato inda yake kafin 1932, ba tare da wani ya ƙwace mini ba.

A Kirsimetin da ya wuce na kai yara gida. Da aka zauna sujadar dare, Baba ya miƙa wa babbar 'yata, mai shekara tara, littafin Kaka, ya ce ta karanta aya ɗaya. Ta duba, ta dube ni, ta yi shiru. Baba bai ce mini komai ba, sai ya karɓa ya buɗe shafin farko, inda aka jera sunayen 'ya'ya da jikoki da ranakun haihuwarsu da rubutun hannu iri iri, ya nuna mata nawa a ƙasa, ya aiki ƙaninta ya kawo biro. Da za mu tafi ya sa mini littafin a jaka. Tun watan Janairu muke karanta Markus, aya biyar kowane dare idan ban makara a hanya ba. Mun kai sura 9, kuma har yanzu tana fama da bambancin k da ƙ.