Daga Bakin Titi Zuwa Zauren Majalisa: Yadda Koken Jama'a Ke Zama Doka a Najeriya

A ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran kundin tsarin mulki da ya rage shekarun tsayawa takara a Najeriya. Na mai neman shugabancin ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na ɗan Majalisar Wakilai da ɗan majalisar dokokin jiha daga 30 zuwa 25. Kujerar sanata da ta gwamna aka bar su a 35. Ba fadar shugaban ƙasa ce ta kawo wannan gyara ba, ba kuma wata babbar jam'iyya ba. Matasa ne suka ɗauko shi a ƙarƙashin gangamin Not Too Young To Run, suka bi shi shekara biyu cur har ya shiga kundi. Hujjar da nake son kafawa ita ce, abin da ya kai su gaci shi ne sun san takamaiman abin da suke nema, sun kuma san wanda ke riƙe da ƙuri'ar da za ta ba su shi. Ta wannan fuska ta biyu ne nake ganin masu fafutuka a Arewa suka fi yin sakaci.

Kwatanta wannan gangami da abin da ya faru a Janairun 2012 zai fito da batun fili. A ranar farko ta wannan shekara gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Jama'a suka fito a Kano da Kaduna da Legas da Abuja, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, ƙasa ta tsaya cik, aka kuma rasa rayuka. Bayan mako guda gwamnati ta sauko da farashi zuwa naira 97. Nasara ce ta gaske, kuma jinin mutane ne ya saye ta. Amma da aka watse, babu sashen doka ko ɗaya da ya canja. Ikon tsayar da farashi ya ci gaba da zama inda yake, kuma a ranar 29 ga Mayu, 2023, jimla guda a jawabin rantsar da Shugaba Bola Tinubu ta isa ta kawar da tallafin. Zanga-zanga tana iya taka wa gwamnati birki, domin mai mulki yana tsoron taro. Abin da ba ta iya yi ita kaɗai shi ne ta ɗaure hannun wanda zai zo bayansa.

Matasan 2016 kuwa sun faro ne daga rubutu. Ƙungiyar YIAGA, da Samson Itodo ke jagoranta, tare da ƙungiyoyi da dama, ta ware sassa huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wato 65 da 106 da 131 da 177, inda aka rubuta ƙa'idar shekaru. Suka samu masu ɗaukar ƙudurin a ciki: Tony Nwulu a Majalisar Wakilai, Abdul-Aziz Nyako na Adamawa a Majalisar Dattawa. Sashe na 9 na kundin ya tsaurara hanyar gyara: sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a tarayya sun amince, sannan a samu amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 daga cikin 36. Majalisar Tarayya ta amince a watan Yulin 2017, bayan da matasa suka yi tattaki zuwa ƙofarta da suka ji raɗe-raɗin za a jingine ƙudurin.

Aikin da ya fi burge ni shi ne wanda ya biyo baya, wanda kyamarori ba su cika ɗauka ba. Gangamin ya naɗa wakilai a jihohi, suka riƙa bin kakakin majalisa da mambobi ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar kowa matsayinsa, suna shelanta amsar. Jihar da ta amince a yabe ta a fili, wadda ta ƙi a sa sunanta a jerin abin kunya. Majalisar Taraba ta fara ƙin amincewa, daga baya ta sake zama ta janye matsayinta. Ɗan majalisar jiha, wanda ya saba jefa ƙuri'a ba tare da kowa ya waiwaye shi ba, ya wayi gari 'yan mazaɓarsa sun san abin da ya yi. A ƙarshe jihohi 33 suka amince. Ukun da ba su shiga sahu ba su ne Legas da Zamfara da Kano.

Rashin sunan Kano a jerin jihohin da suka amince abin tsayawa a yi nazari ne. Gari ne da siyasa ke ratsa kowane lungu, inda gidajen rediyo ke cika dare da shirye-shiryen siyasa, masu shayi da 'yan kasuwa suna fashin baƙi kan abin da ke faruwa a Abuja. Amma mutum nawa ne a cikin masu wannan muhawara suka san ranakun zaman majalisar jiharsu, ko suka taɓa halartar taron jin ra'ayin jama'a kan wani ƙuduri? Idonmu yana kan shugaban ƙasa da gwamna, alhali makarantar firamare da asibitin karkara da harajin kasuwa duk dokokin jiha ne ke tafiyar da su. Dokar kare haƙƙin yara da tarayya ta yi a 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata, kuma wasu jihohin Arewa sun kwashe kusan shekara ashirin kafin su yi hakan. Za a ce ai majalisun jihohi a tafin hannun gwamnoni suke, kuma akwai gaskiya a ciki: a gyaran 2010 waɗannan majalisu sun kasa tara adadin da ake buƙata don amincewa da 'yancin gashin kansu na kuɗi. Sai dai majalisar da babu mai sa mata ido sai gwamna, dole gwamna kaɗai za ta ji wa tsoro. Misalin Taraba ya nuna cewa idan aka samu ido na biyu, lissafin ɗan majalisa yana canjawa.

Dokar 'yancin samun bayanai ta ƙara nuna wani sharaɗi, wato juriya. Tun 1993, zamanin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO da ƙungiyar 'yan jarida suka fara tsara ta. An shigar da ita majalisa a 1999, ta wuce a 2007, Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma farko. Sai ranar 28 ga Mayu, 2011 ta zama doka, shekara goma sha takwas bayan fara tafiyar.

Akwai suka mai nauyi da ake yi wa irin waɗannan gangami, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Ana cewa wannan ba fafutukar talaka ba ce, aiki ne na 'yan boko mazauna Abuja da Legas, masu Turanci da tallafin ƙasashen waje, kuma manomin Gumel ko mai sayar da ƙosai a Gusau ba su da hannu a ciki. Ta wani ɓangare haka ne. Karanta ƙuduri da bin kwamitoci yana buƙatar ilimi da lokaci da kuɗin mota. Amma tarihin Arewa kansa ya ƙaryata cewa talaka ba ya iya riƙe buƙata guda ya bi ta har ƙarshe. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da Hausa ta yi aikinta, a kasuwanni da zauruka, kuma teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman allo ne ƙashin bayanta. Koke-kokenta suna da suna: haraji, jangali, aikin tilas, zaluncin 'yan doka da kotunan En'e. Mutane sun sha ɗauri da bulala a kai. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama tana neman a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a 1976. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin koke da biyan buƙata, kuma waɗanda suka riƙe shi a tsawon wannan lokaci yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Abin da suke da shi tsari ne: reshe a unguwa, katin shaida, da buƙatar da kowa zai iya faɗa a numfashi guda.

Saura abu ɗaya da gangamin matasan ya koyar, ta hanya mai ɗaci. Sa hannun shugaban ƙasa ba ya rufe magana. An samu waɗanda suka amfana, kamar Rukayat Shittu da ta shiga majalisar dokokin Kwara a 2023 tana da shekara 26, abin da tsohuwar ƙa'ida ta haramta. Amma kundin tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai ta hannun jam'iyya, jam'iyyu kuma suka sa kuɗi a inda shekaru suke a da. A 2022 APC ta sa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 10. PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Ko da rangwamen da aka yi wa matasa, ɗan shekara 25 da ba shi da uban gida ba zai iya kusantar wurin ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Haka dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman take, wadda ƙungiyoyinsu suka kwashe shekaru suna nema kafin a sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigai yadda mai keke da makaho za su iya shiga, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma duk mai shiga ofisoshi da bankuna da asibitoci yana ganin matakalar da har yanzu ke tare hanya. Dokar ta ba wanda aka zalunta damar shigar da ƙara. Ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame a garuruwan Arewa suna da shugabanni da rassa tun kafin a san da wannan doka, don haka tsarin yana nan. Abin da suke buƙata shi ne lauya, da kwafin dokar cikin Hausa, da sunan shugaban kwamitin majalisar jiha da ke da alhakin sa kuɗin gyaran a kasafin shekara mai zuwa.