Yadda Tawa ta zama uku a takardar gwamnati

Mutumin Barmu in ya ce za shi Tawa, gari guda yake nufi, inda asibiti da tasha da babbar kasuwa suke. A wurin ma'aikacin ƙidaya kuwa Tawa uku ce. Akwai jiha mai faɗin murabba'in kilomita sama da 113,000, akwai gundumar da parfe yake mulka, akwai kuma birnin kansa mai matsayi na daban. Barmu tana cikin ta farko da ta biyu, ba ta cikin ta uku. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne birnin ba ya cikin gundumar da take amsa sunansa, ko da yake ofishin parfen a cikinsa yake.

A Adar ta da, wato ƙasar da Tawa take cikinta, garin ba ya cikin garuruwan sarauta. Ƙauyuka biyu ne na Azna, Bilbis da Fakuwa, suka haɗe suka zama gari. Sarautar ƙasar tana can kudu. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, kuma bayan an tuɓe shi daga gadon Agadas a 1721 ya dawo ya kafa gidan da har yau yake riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. A ƙarni na 19 ƙarfin gidan ya ragu. Abzinawan Kel Geres suka yi kaka-gida a kudu maso gabas, 'yan uwansu Iwillimmidan na Azawak suka riƙe arewa suna karɓar hatsi daga ƙauyukan manoma. Wanda yake son wannan tarihi dalla-dalla sai ya nemi littafin Farfesa Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa. Sunansa jami'ar Tawa take ɗauke da shi yanzu.

Abin da ya ɗaga Tawa zane ne da aka yi a Turai. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka zana baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, kewaye da Sakkwato ta arewa, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Kwanni da ƙasa mai ruwa suka faɗa ciki. Faransawa kuma suna bukatar hanyar da za ta kai su Damagaram daga bakin Kwara, ba tare da sun taka ƙasar Ingila ba. Dole ayarinsu ya yi zagaye ta Filinge, ya ratsa daji mai ƙarancin rijiyoyi, ya yada zango a Tawa, wadda ta tsira a bayan bakan da ɗan tazara. Nan suka kafa bariki a shigowar ƙarni na 20. Da aka gyara iyakar a 1904 da 1906 Kwanni ta dawo hannun Faransa, hanya ta sauƙaƙa, amma kumandan Faransa ya riga ya zauna a Tawa, kuma inda kumandan yake nan ake kai haraji da ƙara. Kasuwa ta bi su.

Daga nan sai aka yi ta yanka da ɗinki. Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma a 1964 gwamnatin Diori Hamani ta raba ƙasar gida bakwai, Tawa ta zama hedkwatar ɗaya, da Kwanni da Madawa da Buza da Keita da Illela da Cintabaraden a ƙarƙashinta. Tsohon ƙauyen Azna ya hau kan garin Sarkin Adar ke nan. Dokar 1998 ta ɗaga waɗannan manyan yankuna zuwa jihohi, ƙananan suka zama gundumomi. A 2002 aka kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasar, Barmu ta sami tata, aka yi zaɓen kansiloli a 2004. A 2010 aka ba Tawa matsayin birni na musamman tare da Yamai da Maraɗi da Damagaram, da unguwannin mulki biyu. Shekara guda bayan haka gundumomin ƙasar suka tashi daga 36 zuwa 63, aka fitar da Malbaza daga Kwanni, Bagaruwa daga Illela, Tasara da Tiliya daga Cintabaraden. Abin da ya rage wa gundumar Tawa ƙananan hukumomin karkara ne shida: Afala, Bambai, Barmu, Kalfu, Takanamat da Tebaram.

Italiya ma ta taɓa manyan biranenta, sai dai ta ɗauki hanyar da ta saba wa wannan. Da ta soke lardunan Roma da Milan da Napoli da Torino a farkon 2015, ta mayar da kowane lardi dungurungum yankin babban birni, ƙauyukansa suka zauna inuwa ɗaya da shi, magajin garin birnin ya shugabance su duka.  A ganina tsarin nata ya fi dacewa da yadda mutane suke rayuwa a nan, tun da hatsin Kalfu da dabbobin Barmu a birni suke ƙarewa, marasa lafiyarsu ma can ake kai su.

Ƙasar jihar Tawa ita kanta ba ta bin layukan da gwamnati ta zana. Kudu da gabas tudu ne na jan dutse da kwaruruka suka tsattsaga, irin su Magiya da kwarin Keita, inda ake noman albasa da rani. Arewa da Tawa duwatsun suna raguwa, jigawa tana ƙaruwa har a shiga Azawak. Ruwan sama a birnin bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma yana ƙara ƙaranci in an nausa arewa. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta wa makiyaya. Barmu tana kusa da wannan gaɓa, shi ya sa kasuwarta ta zama mahaɗar Bahaushe mai gero da Buzu da Bafillace masu dabba. Gonaki sun daɗe da tsallake layin, kuma wani ɓangare na rigimar manomi da makiyayi daga nan ta samo asali.

Yawan jama'a ne ya tura gonakin arewa. Ƙidayar 2001 ta ba jihar mutum kusan miliyan 2, ta 2012 ta ba ta 3,328,365. Cikin garin Tawa mutum dubu 31 da 'yan kai ne a 1977, suka kai dubu 73 a 2001, suka haura dubu 117 a 2012. Titin yuraniyom da ya bi ta nan zuwa Agadas da Arlit ya taimaka wa garin, amma har yanzu bai ɗauki ko kashi 5 cikin 100 na mutanen jihar ba. Waɗannan alkaluma kuma sai an karanta su da lura, domin Ba'adare ɗan bida ne. Da an gama girbi samari suke watsewa zuwa Abijan da Legas da Kamaru da Libiya, kuma gidajen siminti da yawa a ƙauyukan Adar da kuɗin can aka gina su.

Canjin da ya zo a 2024 bai taɓa iyaka ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojoji sun rushe zaɓaɓɓun majalisun jihohi da birane da ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi a gurbin magadan gari, a Tawa da Barmu baki ɗaya.